Yadda za ka shirya fim ɗin cin amanar aure mai dariya da hawaye a Bauchi

Labarin cin amanar aure ba ya wuyar samu a garin nan. Wanda ya zauna a bencin mai shayi a Wunti, ko wadda ta je gidan suna a Jahun, ba za su tashi ba sai sun ji na wane da wance. Abin da ke da wuya shi ne a mayar da irin wannan labari fim ɗin da zai sa mai kallo dariya har ya riƙe ciki, jim kaɗan kuma ya ji maƙogwaronsa ya ɗaure, ba tare da abin ya zame ya koma camama ko wa'azin minti 90 ba. Wannan jagora ta matasan da ke da kyamara ɗaya, abokai kaɗan da kuɗin da bai taka kara ya karya ba ce, masu son yin fim na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Mataki na farko: tsayar da amanar da aka ci

A nan yawancin masu rubutu ke ɓata rawarsu da tsalle. Sai su rubuta cewa miji ya ƙara aure, su ɗauka sun gama. A wurinmu ƙarin aure halal ne, rabin masu kallonka ba za su ga laifin mijin ba, wasu ma su ce matar ce mai baƙin kishi. Idan kuma ka ɗauko zina, ka shiga wata rigimar: ba za ka iya nuna ta ba, kuma duk wanda ya furta zargin a cikin fim ba tare da shaidu huɗu ba ya faɗa ƙazafi, masu kallo za su kama ka a kan haka.

Nemi yaudarar da kowa zai yarda yaudara ce, malami da ɗan kasuwa, uwargida da amarya. Ga misalin da za mu bi har ƙarshe, sunayen na wasa ne. Hajara tana tuyar awara da ƙosai a cikin gida a Kobi, yara suna kai mata talla. Ta shekara tana zubin adashi. Ranar da ta kwashe, mijinta Malam Sabo ya karɓi kuɗin da sunan zai saya musu fili a bayan gari, har ya zana mata ɗakuna a ƙasa da tsinke. Da kuɗin ya haɗa lefen wata yarinya a Fadamar Mada. Auren da zai ƙara ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne gumin matar da ya ɗauka da ƙarya. Wannan ko uwar mijin ba za ta iya kāre shi ba, kodayake za ta gwada, kuma gwajin nata abin dariya ne da ka samu a ɓagas.

Rubuta labarinka a jimla biyu a kan takarda. Idan bai shiga jimla biyu ba, ba ka san shi ba tukuna.

Mataki na biyu: san inda dariyar za ta sauka

Wannan ne ƙashin bayan aikin duka. Dariya ta sauka a kan maƙaryaci da wahalar da yake sha wajen riƙe ƙaryarsa, a kan 'yan ba-ni-na-iya masu zuwa sulhu, a kan al'adun da suka yi mana yawa. Kada ta sauka a kan ciwon matar. Da zarar ka sa masu kallo sun yi wa Hajara dariya saboda ta yi ƙiba, ko ta tsufa, ko tana kuka da majina, ka rasa su: ba za su ƙara tausaya mata ba, fim ɗin kuma ya koma na izgili ga zawarawa, waɗanda su ne kaso mai yawa na masu kallonka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, aikin marubuci shi ne ya riƙa ƙuntata shi a hankali. Malam Sabo ya ce ya sayi fili, Hajara ta ce a kai ta ta gani. Dole ya ari filin wani, ya ɗauke ta a babur, su tarar mai filin yana sauke bulo. Dole ya ce lebura ne ya ɗauka. Mai filin ya ji an kira shi lebura a filinsa. Ka ga ba wanda ya yi gwalo ko ya faɗi a ƙasa, amma falo ya cika da dariya, domin mai kallo ya san abin da Hajara ba ta sani ba. Riƙe wannan dabara: sanar da mai kallo sirrin tun da wuri, a cikin minti goma na farko. Idan ka ɓoye masa, mamaki na daƙiƙa biyar kawai za ka samu. Idan ka gaya masa, zai yi rabin awa yana dariya da fargaba a tare.

Sai fitowar da komai ya juya. A rubuta ta haka, kowace fitowa da lambarta, wurinta da lokacinta:

FITOWA TA 14. ƊAKIN HAJARA. RANA.

Yaron shago ya yi kuskure, ya kawo akwatin lefe gidan uwargida. Hajara ta buɗe tare da yayarta.

HAJARA: Adda, zo ki ga ikon Allah. Ashe Baban Ummi ya iya ba-zata.

ADDA: Shekara goma sha biyu bai taɓa haɗa miki atamfa biyu rana ɗaya ba. Yau har da leshi?

HAJARA: To baƙin ciki za ki yi?

Ta yafa mayafi, ta juya gaban madubi, ta fesa turare. Ta ɗauko takalmi ta zura, ƙafar ta tsaya a rabi.

HAJARA: Namiji ke nan, ko lambar ƙafata bai sani ba.

Ta ɗauko na biyu. Ta kifa shi ta duba: 37. Na uku, 37. Ita 41 take sawa. Adda ce ta fara daina dariya.

Lura da abin da ya faru. Atamfa ba ta da lamba, kowace mace za ta iya ɗaukar ta tata ce, takalmi ne ke tona asiri. Ba wanda ya ce "an ci amanarki". Kada ka sa kiɗan tausayi a nan, kada ta faɗi sumammiya. Bar kyamara a fuskar Adda, sannan a hannun Hajara tana mayar da takalman cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, a jere, yadda ta same su. Kowane fim irin wannan yana bukatar fitowa guda da ta fara da dariya ta ƙare da shiru, kuma abu ne na hannu ke juya ta, ba jawabi ba. Nemo naka.

Mataki na uku: kai labarin wurin malami kafin ka yi nisa

Masu kallo a Arewa sun san hukuncin aure fiye da yadda marubuta ke zato, kuskure ɗaya ya isa a yi watsi da fim. Ga abubuwan da suka fi shafar irin wannan labari a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi. Idan saki ɗaya ne ko biyu, miji na iya mayar da matar kafin idda ta cika ba tare da sabon ɗaurin aure ba. Idan ta cika, sai da yardarta, da waliyyi, da shaidu, da sabon sadaki. Saki uku ba kome sai ta auri wani. Iddar mai al'ada tsarki uku ce, ta mai ciki haihuwa. Ba a neman auren mace a bayyane tana cikin idda, don haka kada ka jero wa Hajara zawarawa washegarin saki. Idan ita ce ta nemi rabuwa ba tare da ta tabbatar da cutarwa ba, hul'i ne, yawanci ta mayar da sadaki. Riƙon yara na uwa ne, ciyar da su na uba, kuma riƙon na iya komawa hannun mahaifiyarta idan ta auri bare.

A shari'a mai iddar sakin kome a gidan mijinta ya kamata ta zauna, yana ciyar da ita. A aikace kowa ya san tana karɓar takarda take tafiya gida. Wannan tazara tsakanin hukunci da abin da ake yi ba matsala ba ce gare ka, kayan aiki ne: sa wani kawu ya tsaya kai da fata sai an bi hukunci, Goggo kuma ta riga ta kira a-kori-kura.

Kuɗin adashin kuwa bashi ne, tana da damar kai ƙara. Littafin uwar adashi shaida ne a kan abin da ta kwasa, amma wa ya ga lokacin da ta miƙa wa mijinta a ɗaki? Tambayi wanda ya san zaman kotu yadda alƙali ke bi da mai da'awar da ba ta da shaidu, da inda rantsuwa ke shigowa, kafin ka rubuta wannan fitowar.

Mataki na huɗu: rabin fim na biyu

Fina-finai da yawa suna mutuwa bayan saki, saboda marubucin ya zuba duk basirarsa a tonon asiri. Raba shafukanka tun farko. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, fim na minti 80 ke nan shafi 80 ko kusa. Asiri ya tonu wajen shafi na 30, yaji da biko da saki su kai ka 45, sauran duka na sabuwar rayuwa ne.

Fara da ranar kwashe kaya, domin al'ada ta riga ta rubuta maka ita. Kayan ɗaki na mace ne. Gado, katifa, kujeru, labule, kafet, tukwane, har buta. Malam Sabo yana tsaye yana cewa "wannan ma?", ana ce masa "wannan ma", har a bar shi da tabarmar sallah da cajar waya, ga amarya za ta tare ba ɗakin da aka gyara. Ɗauki fitowar daga nesa a tsakar gida, kada ka yanka ta da yawa, bar kayan su riƙa wucewa ta gabansa.

Daga nan dariyar ta sauya launi. Hajara ta koma gidansu ta tarar ɗakinta na 'yanmatanci ya zama ma'ajiyar buhunan masara. Matar ƙaninta tana ƙirga mata loma cikin ladabi. Maƙwabta suna zuwa jaje da kunne a buɗe. Bayan idda zawarawa su fara sallama: mai mata uku da ke neman cike gurbi, tsohon saurayi da ya zo da tsohuwar wasiƙa, wanda tambayarsa ta farko ita ce ko firjin nata ne. A tsakanin waɗannan ka sa ƙananan nasarori da ake gani da ido. Ranar da ta sayi buhun waken suya da kuɗinta a kasuwar Muda Lawal maimakon kwano-kwano. Ranar da ta sake shiga adashi, uwar adashi ta tambaye ta sunan wa za a rubuta.

Ra'ayina a kan ƙarshe: kada ka kawo Alhaji mai jif ya aure ta, tsohon miji ya haukace yana bin bola. An yi wannan har an gaji, kuma yana gaya wa matar da ke kallo cewa ba ta da mafita sai wani namijin ya zo da mota. Tana iya yin aure, ba laifi, amma ya zo bayan ta tsaya da ƙafarta, kuma ita ta zaɓa. Amaryar ma kada ka mayar da ita mayya. Yarinya ce da aka yi wa ƙaryar mai kuɗi ne. Fitowar da za ta zo sayen awara ba ta san gidan wa ta shigo ba tana iya fin ta kotu daɗi.

Mataki na biyar: bakin 'yan wasa

Rubuta magana yadda ake yin ta a nan. Mace ba ta kiran mijinta da sunansa, Baban wance ne ko Malam. A gidajen Bauchi da Gombe za ka ji Adda, Hamma, Goggo, Baffa, Dada, ka ji an gaisa da Fulatanci an zarce da Hausa. Mutumin Bauchi yakan ce "na sayi zane wa Hajara" inda Bakano zai ce "na saya wa Hajara zane". Kada ka gyara wa ɗan wasa wannan, shi ne abin da zai bambanta fim ɗinka da na Kano. Tara 'yan wasa a zaure su karanta rubutun da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Layin da ya sarƙe a baki a sauya shi, barkwancin da ba wanda ya yi wa dariya a zaure a cire shi, ba zai gyaru a gaban kyamara ba.

Wurin zaɓen Malam Sabo, guji wanda ya saba da camama. Kana son wanda zai yi ƙarya da fuskar mutumin kirki, yana gumi. Shi bai san abin dariya yake yi ba. Matan da za su fito kuwa, a samu yardar iyaye ko miji tun kafin ranar aiki, a rubuce in da hali, don kada a kai rabin fim a zo a janye jaruma.

Mataki na shida: shirin fita lokeshin

Ba a ɗaukar fim bisa jerin labari, bisa wuri ake ɗauka. Zana jadawali: duk fitowar gidan Malam Sabo a jere, duk ta gidan su Hajara a jere, kasuwa rana guda. Ɗauki na ɗaki cike da kaya kafin na ɗakin da aka kwashe. Sa mutum ɗaya, da littafi da waya, ba shi da aiki sai lura da wane zane aka ɗaura a wace fitowa, wane hannu ke riƙe da takalmi, lallen ya dushe ko bai dushe ba.

Je wurin mai unguwa da kanka kafin ka sauke kaya a layi, ka gaya masa kwana nawa da abin da fim ɗin ya ƙunsa. A kasuwa, shugabannin kasuwa. Kada ka ɗauki harabar kotu ta gaske, shirya ɗaki da benci da tebur ya wadatar. Gidan da aka ara a biya, a share, a mayar da komai mazauninsa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Zafin Maris da Afrilu yana narkar da kwalliya, ga shi dole a kashe fanka saboda sauti. Ruwan Yuli da Agusta a kan rufin kwano ba ya barin a ji magana. Hazon Disamba da Janairu yana tausasa hasken rana, amma ƙura na shiga kyamara. Bayan damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ya fi sauƙi, duwatsun da ke kewaye da gari ma suna da sauran kore. Kayan da babu a gari ana samun haya a Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim suke, ɗalibanta kuma sukan so aikin da za su gwada hannu.

A kasafi, ko me za ka rage kada ka rage na sauti da na abincin ma'aikata.

Mataki na bakwai: ranar ɗauka

Mai kallo zai yafe hoto mai ɗan duhu, ba zai yafe maganar da ba ya ji ba, barkwanci kuwa a kunne yake. Maƙala wa kowane mai magana ƙaramin makirufo a ƙarƙashin mayafi ko wuyan riga, a ji da abin kunne kafin a fara. Janareta a kai shi can bayan katanga da doguwar waya. A tsaya idan an fara kiran sallah ko injin markaɗe ya tashi. Kafin a bar kowane ɗaki kowa ya yi tsit a naɗi minti ɗaya na shirun wurin, mai tacewa, wato editan da zai haɗa fim ɗin, zai cike giɓi da shi. Saita kyamara a firem 25 cikin daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa cikin daƙiƙa, in ba haka ba ƙwan fitila zai riƙa rawa a hoto.

Fitowar dariya a ɗauke ta da faɗi, mutum biyu ko uku a hoto ɗaya, don a ga mai ƙarya da mai sauraro lokaci guda. Fitowar ciwo a matso kusa. Kowace magana a ɗauki fuskar mai ji, ko da bai ce uffan ba, sau da yawa dariyar a can take. Idan biyu suna fuskantar juna, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ta tsallaka za su fito kamar suna kallon waje guda.

A fina-finan Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, ko da miji da mata suke a labari. Wannan bai hana nuna shaƙuwa ko rushewarta ba. A farkon fim ta zuba masa ruwa a buta ta ajiye inda ya saba. A tsakiya butar tana nan, ba ruwa.

Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a ma'adana biyu, a ajiye su a gida biyu.

Mataki na takwas: tacewa, tantancewa da fitarwa

DaVinci Resolve, manhajar haɗa fim a kwamfuta, yana da na kyauta, ya ishe ka. Haɗa fim ɗin duka ba kiɗa tukuna, ka nuna wa mutum goma da ba su san labarin ba, rabi mata, cikinsu har da wadda ta taɓa fita daga gidan miji. Zauna a baya ka kalli su, ba allon ba. Inda suka ɗauko waya, yanke. Inda suka yi dariya, bar ɗan numfashi kafin layi na gaba don kada dariyar ta danne shi. Idan matan suka yi shiru a inda ka zaci dariya, tambaye su dalili, mai yiwuwa a kan Hajara ta sauka. Kada ka manna sautin dariyar gwangwani ko ƙarar "toing". Kiɗa kuma sa a yi maka naka a situdiyo, da takardar cewa ka saya, domin YouTube na gane waƙar wani, kuɗin tallar ya tafi wurin mai ita.

Fim ɗin da za a sayar ko a haska wa jama'a a Najeriya yana bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba shi matakin shekarun masu kallo. Jihar Kano tana da tata hukumar tun 2001, idan kana nufin kasuwar Kano ko aiki da 'yan wasan can, nemi ƙa'idojinta tun kana rubutu, ba bayan ka gama ba. Tuntuɓi reshen MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, na jiha, ka kuma yi wa kamfaninka rajistar suna, tashoshin talabijin irin su Arewa24 da kamfani suke ƙulla ciniki.

Idan YouTube za ka saka, tashar ba ta fara kawo kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, don haka raba fim ɗin kashi huɗu ko biyar, kowane kashi ya tsaya a inda ƙarya ke dab da tonuwa, ka riƙa saki rana ɗaya a mako ba fashi. A tallar fim sa fitowar fili da ta kwashe kaya, ɓoye ta takalmi. Kafin kashi na farko ya hau, ku zauna da duk wanda ya zuba kuɗi ko ya yi aiki bashi, a rubuta kason kowa, da sunan wanda tashar take hannunsa, da asusun da kuɗin zai riƙa shiga, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu.